Grace Hopper: Matar da ta sa kwamfuta ta fara jin maganar mutane

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta raba miliyoyin Amurkawa da ayyukansu, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana neman agajin masu wata sana'a da mutane da yawa suka ɗauka ta mutu. Kwamfutocin da ke biyan marasa aikin yi kuɗin tallafi a jihar sun kasa ɗaukar tururuwar masu nema, kuma manhajar da ke cikinsu ta haura shekara 40. An rubuta ta ne da wani yaren kwamfuta mai suna COBOL, wanda aka ƙirƙira tun 1959.

Har yau wannan yare na aiki a bankuna, da kamfanonin inshora, da ma'aikatun gwamnati a ƙasashe da dama. Da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta manhajojinsa ba masana lissafi ba ne. Akwai akawu da ma'aikatan ofis da tsofaffin sojoji da matasan da suka yi karatun shekara biyu a kwaleji suka kama aiki.

Wadda ta fi kowa faɗi-tashin ganin an buɗe wa irin waɗannan mutane ƙofa ita ce Grace Hopper, malamar lissafi kuma hafsan sojin ruwan Amurka, wadda ta rasu a 1992.

Yarinyar da ta kwance agogo bakwai

An haifi Grace Brewster Murray a birnin New York ranar 9 ga Disamban 1906. Ita ce babba a cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta, Walter Murray, dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuma, Mary Van Horne, mace ce mai sha'awar lissafi. Iyayen sun tsaya a kan cewa 'ya'yansu mata biyu za su yi karatu daidai da ɗan'uwansu namiji, abin da ba kowane gida ke yi ba a wancan zamani.

Tana da shekara bakwai ta so ta san abin da ke sa agogon ƙararrawa ya yi ƙara. Ta kwance ɗaya, ta kasa mayarwa. Sai ta ɗauko wani don ta ga yadda yake a ciki. Kafin mahaifiyarta ta ankara, agogo bakwai sun zama tarkace. Ba a hana ta ba, an dai ce daga ranar agogo ɗaya kawai za ta riƙa taɓawa.

Tana da shekara 16 ta nemi shiga Kwalejin Vassar, wata fitacciyar makarantar mata a jihar New York. Ba ta samu ba, saboda makinta a darasin Latin bai kai ba. Ta jira shekara guda ta sake nema, aka ɗauke ta. A 1928 ta kammala digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziks. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale, ta yi digiri na biyu a 1930, sannan ta samu digirin digirgir a lissafi a 1934, a lokacin da matan da ke kai wannan mataki a fannin ba su da yawa.

A 1930 ta auri Vincent Hopper, wani malamin adabi da ya koyar a Jami'ar New York. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta ci gaba da amfani da sunansa har ƙarshen rayuwarta.

Malamar lissafi mai sa ɗalibai rubutu

Tun 1931 ta fara koyarwa a Vassar, kuma ta yi sama da shekara goma a aji. Ɗalibanta sun san ta da wata ɗabi'a da ke ba su haushi. Takan ba su aikin lissafi, ta ce su yi bayanin yadda suka warware shi da rubutu, sannan ta gyara musu rubutun kamar malamar harshe. Idan suka yi ƙorafin cewa ajin lissafi suka shigo, sai ta nuna musu cewa ilimin da mutum ba zai iya bayyana wa wani ba, amfaninsa kaɗan ne.

Wannan ra'ayi shi ne ya bi ta har ƙarshe. Duk abin da ta yi daga baya a fannin kwamfuta, ƙoƙari ne na sauko da abu mai wuya zuwa inda mutum na gari zai iya kama shi.

Sojan da aka ƙi ɗauka

Ranar 7 ga Disamban 1941 Japan ta kai hari a sansanin Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Grace ta so shiga rundunar sojin ruwa, inda wani kakan kakanninta ya taɓa yin aiki. Aka ƙi ta saboda dalilai uku. Shekarunta sun yi yawa, nauyinta kimanin kilo 48 ne, wato ya gaza abin da doka ta tanada da kusan kilo bakwai, sannan gwamnati na ganin malamin lissafi ya fi amfani a aji.

Ba ta haƙura ba. Ta karɓi hutu daga Vassar, ta nemi a ɗauke mata sharaɗin nauyi, kuma a Disamban 1943 aka rantsar da ita a sashen mata na rundunar ko-ta-kwana ta sojin ruwa. Ta yi horo a Kwalejin Smith da ke jihar Massachusetts tare da 'yan matan da suka yi sa'ar ɗalibanta, ta fito ta ɗaya a ajinsu a 1944 da muƙamin ƙaramar laftanar.

Aka tura ta Jami'ar Harvard, wurin wani kwamanda mai zafin rai, Howard Aiken, wanda ke kula da wata na'urar lissafi da kamfanin IBM ya ƙera. Sunanta Mark I.

Na'ura mai tsawon mita 16

Mark I ba ta yi kama da wayar da ke hannun mai karatu ba ta kowace fuska. Tsawonta kusan mita 16 ne, tsayinta ya haura mita biyu, nauyinta ya doshi tan biyar. Akwai sassa sama da 750,000 a cikinta, da wayoyin da idan aka miƙe su za su kai kimanin kilomita 800. Duk da wannan girma, tarawa uku kawai take iya yi a daƙiƙa guda, ninkawa kuma takan ɗauke ta kusan daƙiƙa shida.

Ana ba ta umarni ne ta hanyar huda ramuka a jikin doguwar takarda mai kama da zare. Kowane layin ramuka umarni ɗaya ne. Idan rami ɗaya ya kauce, lissafin gaba ɗaya ya lalace.

Grace ce mutum ta uku da ta koyi ba na'urar umarni, bayan wasu matasan hafsoshi biyu, Robert Campbell da Richard Bloch. Dare da rana na'urar ke aiki, tana yi wa rundunar lissafin da ya shafi makamai da jiragen ruwa. A 1944 masanin lissafi John von Neumann ya kawo mata wani lissafi da ke da alaƙa da aikin ƙera bam ɗin nukiliya.

Aiken ya umarci Grace ta rubuta littafin da zai bayyana yadda ake sarrafa na'urar. Ta nuna masa ba ta taɓa rubuta littafi ba, bai saurare ta ba. Littafin ya fito a 1946 da shafi sama da 500, kuma ana lissafa shi cikin littattafan farko a duniya da suka koyar da yadda ake ba kwamfuta umarni.

Labarin ƙwaron da aka manna a littafi

Ranar 9 ga Satumban 1947, na'urar da ta gaji Mark I, wato Mark II, ta samu matsala. Da ma'aikata suka bincika, sai suka tarar da wani ƙwaro irin mai bin fitila ya maƙale a cikin wani makunni. Suka ciro shi suka manna a littafin da suke rubuta ayyukan yau da kullum.

Abin ya ba su dariya ne saboda tun kafin lokacin injiniyoyi na kiran ƙananan matsalolin na'ura da kalmar Turanci ta bug, wadda asalin ma'anarta ƙwaro. Ko Thomas Edison ya yi amfani da kalmar a ƙarni na 19. Saboda haka Grace ba ita ta ƙirƙiri kalmar ba, kuma ba ita ta ciro ƙwaron ba, sai dai ita ta yaɗa labarin a laccocinta har ya zama sananne. Littafin da ƙwaron suna ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke birnin Washington.

Shekarun ƙunci

Da yaƙi ya ƙare ta nemi zama cikakkiyar soja, aka ƙi saboda shekarunta. Vassar ta yi mata tayin kujerar farfesa, ta ƙi komawa, don zuciyarta ta riga ta koma kan kwamfuta. A Harvard kuma babu wata hanyar ci gaba da aka tanadar wa mace irinta.

A 1949 ta koma birnin Philadelphia, ta kama aiki da wani ƙaramin kamfani na J. Presper Eckert da John Mauchly, mutanen da suka jagoranci ƙera kwamfutar ENIAC a lokacin yaƙi. Kamfanin na fama da rashin kuɗi. Ita kanta tana cikin wani hali. Marubucin tarihinta Kurt Beyer ya bayyana a littafinsa na 2009 cewa a waɗannan shekaru ta yi fama da shan barasa da ƙuncin zuciya, har 'yan sanda suka taɓa kama ta a ƙarshen 1949. Abokan aiki suka tsaya mata har ta farfaɗo.

A 1950 kamfanin Remington Rand ya saye nasu. A 1951 suka miƙa wa hukumar ƙidayar Amurka kwamfutar UNIVAC I, wadda aka ƙera don aikin ofis da kasuwanci. A zaɓen 1952 wannan kwamfuta ta yi hasashen nasarar Dwight Eisenhower a gidan talabijin na CBS, sunanta ya shiga kowane gida.

Sai dai akwai matsalar da masu sayar da kwamfuta ba su cika faɗa ba. Kamfani zai iya sayen na'ura, amma wa zai ba ta umarni?

Tafinta tsakanin mutum da na'ura

Kwamfuta ba ta jin komai sai lambobi. A wancan lokaci dole mai rubuta manhaja ya rubuta kowane umarni da lambobi ko gajerun alamomi, ya kuma riƙe a kansa inda kowane bayani yake a ƙwaƙwalwar na'urar. Grace ta sha ba da labarin yadda ta saba da wani tsarin ƙirga na kwamfuta mai amfani da lamba 0 zuwa 7 kawai, har ta riƙa yin sa a lissafin asusunta na banki ba tare da ta sani ba, lissafin ya ƙi daidaituwa.

Masu iya wannan aiki ƙalilan ne, kuma horar da su na ɗaukar lokaci. Tun a Harvard ta lura cewa kowannensu na da ɗan littafin da yake ajiye guntayen umarnin da aka gwada aka ga suna aiki. Idan wani na buƙata sai ya ara ya kwafa da hannu, kuma wajen kwafar ake yin kuskure.

Tunaninta mai sauƙi ne. Tunda kwafa da tarawa su ne aikin da kwamfuta ta fi mutum iyawa, me zai hana a bar mata? Ta tara waɗannan guntayen umarni a kan faifan maganaɗisu, ta ba kowanne lamba. Mai rubuta manhaja sai ya jera lambobin da yake so, wata manhaja ta daban ta je ta ɗebo su, ta haɗa su, ta gyara musu wurin zama. Ta kammala wannan aiki a 1952, ta kira shi A-0. Yana cikin kakannin manhajojin da a yau ke aikin tafinta, masu juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura ke ganewa.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Ta sha faɗa cewa ta daɗe da manhajar a hannu ba wanda ya yarda ya taɓa ta, saboda an yi imani kwamfuta lissafi kawai ta iya. Wasu ƙwararru kuma na ganin babu na'urar da za ta rubuta umarni mai kyau kamar nasu.

Ta ƙara matsawa gaba. Ta lura cewa masu lissafin albashi da masu kula da kaya a sito ba sa son alamomin lissafi, kuma ba dole ba ne su so. Ta ba da shawarar a bar su su rubuta umarni da kalmomin Turanci na yau da kullum. Shugabanninta suka ce kwamfuta ba za ta taɓa fahimtar Turanci ba. Ita kuwa ta san ba fahimta ake buƙata ba, abin da ake so shi ne na'urar ta gane jerin haruffa ta haɗa shi da aikin da ya dace.

A 1955 ita da ma'aikatanta suka yi gwajin farko. Don ta nuna cewa kalmomin alama ce kawai, ta sa aka rubuta irin wannan umarni da Faransanci da Jamusanci, na'urar ta yi aiki. A yadda ta riƙa ba da labarin, wannan ya tayar wa shugabannin hankali maimakon ya burge su, sai ta tsaya a kan Turanci. Yaren da ya fito daga wannan aiki shi ne FLOW-MATIC.

Wa ya ƙirƙiri COBOL?

Zuwa ƙarshen shekarun 1950, kowane kamfanin kwamfuta na da yarensa. Ma'aikatar da ta sauya na'ura dole ta sake rubuta manhajojinta daga farko. Wadda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ita ce ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ke da kwamfutoci sama da 200 daga kamfanoni daban-daban.

Wata ma'aikaciyar kamfanin Burroughs, Mary Hawes, ta kawo shawarar a zauna a samar da yare ɗaya na harkar kasuwanci. A ƙarshen watan Mayun 1959 aka yi taro a Pentagon, aka kafa kwamitoci, Grace na cikin masu ba da shawara kan fasaha. Wani ƙaramin rukuni na mutum shida ne ya zauna ya rubuta ainihin tsarin yaren, cikinsu akwai mata biyu, Jean Sammet da Gertrude Tierney.

Saboda haka kiran Grace wadda ta ƙirƙiri COBOL, kamar yadda ake yawan yi, bai cika daidai ba, kuma Jean Sammet ta sha gyara wannan magana. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, FLOW-MATIC na cikin manyan tushen da aka gina COBOL a kai, kuma ra'ayin rubuta umarni da kalmomi kamar ADD da SUBTRACT da MOVE nata ne tun shekaru kafin taron. Shi ya sa wasu ke kiran ta kakar COBOL.

A Disamban 1960 aka ɗauki manhaja ɗaya da aka rubuta da COBOL, aka gwada ta a kwamfutar UNIVAC da ta kamfanin RCA, ta yi aiki a duka biyun bayan 'yan gyare-gyare. Ma'aikatar tsaro ta matsa wa kamfanoni cewa duk mai son ya sayar mata da kwamfuta ya tanadi COBOL. Nan da nan yaren ya bazu.

Ƙofar da ta buɗe wa masu karatun shekara biyu

Yaɗuwar COBOL ta zo daidai da wani sauyi a ilimin Amurka. A shekarun 1960 an buɗe ɗaruruwan kwalejojin al'umma, waɗanda ke ba da shaidar karatun shekara biyu bayan sakandare. Kuɗin makarantarsu bai kai na jami'a ba, suna kusa da gida, kuma ma'aikaci na iya zuwa da yamma. Idan za a kwatanta, shaidar tasu ta yi kusa da difloma ta ƙasa da kwalejojin fasaha ke bayarwa a Najeriya bayan shekara biyu.

Waɗannan kwalejoji suka buɗe kwasa-kwasan sarrafa bayanai, kuma COBOL ya zama ginshiƙinsu. Ɗalibi zai koyi yadda ake tsara fayil, da lissafin albashi, da fitar da rahoto, da ɗan ilimin akanta, ya fito ya kama aikin matakin farko a banki ko kamfanin inshora ko ofishin gwamnati. Wasu sukan fara daga kula da na'ura da ɗora faifai, su hau zuwa rubuta manhaja, daga baya su zama masu tsara ta.

Ba kowa ne ya ji daɗin hakan ba. Manyan masana kimiyyar kwamfuta a jami'o'i sun raina COBOL, suna ganin surutunsa ya yi yawa kuma tsarinsa ba shi da kyau. A 1975 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi masa kakkausar suka, yana ganin koyar da shi na lalata tunanin ɗalibi. Sukar tana da tushe ta wani ɓangare, don an rubuta manhajoji masu yawa da suka zama da wuyar gyarawa. Fargabar da aka shiga gab da shekarar 2000, saboda tsofaffin manhajojin da ke rubuta shekara da lamba biyu kacal, ta sa an kashe maƙudan kuɗi ana bin su layi-layi.

Amma wannan raini ya sa yaren ya fi zama a kwalejojin shekara biyu da makarantun koyon sana'a da ɗakunan horo na kamfanoni. Mutanen da suka fito daga can ne suka riƙe albashi da fansho da asusun ajiyar miliyoyin jama'a na tsawon shekaru. Yau darussan sun sauya. Mai karatun shekara biyu a fasahar sadarwa yana koyon haɗa kwamfutoci, da kula da rumbun bayanai, da tsaron intanet, da taimaka wa ma'aikata idan na'urarsu ta samu matsala. Abin da bai sauya ba shi ne tushen da Grace ta yi wa yaƙi, cewa mutum na iya cin abinci da kwamfuta ba tare da ya zama farfesan lissafi ba.

Ritaya sau uku

Duk tsawon shekarun da ta yi a kamfani, Grace ba ta bar rundunar ko-ta-kwana ba. A ƙarshen 1966, tana da shekara 60, doka ta sa ta yi ritaya da muƙamin kwamanda. Ba a yi shekara ba rundunar ta sake kiran ta a Agustan 1967, da cewa aikin wata shida ne. Matsalar ita ce kowane kamfani ya yi wa COBOL nasa ƙari, har manhajojin rundunar sun daina jituwa.

Ta kafa ƙaramin ofis a Pentagon, ta tara matasa, suka rubuta manhajojin gwaji da ke tantance ko COBOL ɗin da kamfani ya kawo ya bi ƙa'ida. Wata shida ya zama shekaru. Ta sake ritaya a 1971, aka sake kiran ta a 1972. A 1973 ta zama kyaftin. Bayan an nuna ta a wani shirin talabijin na CBS a 1983, wani ɗan majalisa, Philip Crane, ya jagoranci neman a ƙara mata girma, kuma a Disamban shekarar Shugaba Ronald Reagan ya ba ta muƙamin kwamado. A 1985 aka sauya sunan muƙamin zuwa riya admiral.

A bangon ofishinta akwai agogon da hannayensa ke tafiya da baya, amma yana ba da lokaci daidai. Ta rataye shi ne don ta nuna wa baƙi cewa sabo da yin abu ta hanya ɗaya ba hujja ba ce ta cewa babu wata hanyar. Tun a shekarun 1970 take jan hankalin rundunar da ta rage dogaro da ƙatuwar kwamfuta ɗaya, ta koma ga ƙanana masu yawa da aka haɗa su da juna.

Guntun waya mai tsawon santimita 30

A shekarunta na ƙarshe a aiki, yawancin lokacinta ya tafi ne a yawon lacca a makarantu da sansanonin soja da tarukan kamfanoni. Takan zo da damin guntayen waya a jaka, kowanne tsawonsa kusan santimita 30, ta raba wa masu sauraro.

Bayaninta shi ne, idan aka raba daƙiƙa ɗaya gida biliyan, wannan guntun waya shi ne iyakar nisan da haske ko saƙon lantarki zai iya tafiya a kashi ɗaya. Da shi take nuna wa manyan hafsoshi dalilin da ya sa saƙon tauraron ɗan'adam ke ɗan jinkiri, da dalilin da ya sa dole sassan kwamfuta su matsu kusa da juna idan ana son sauri. Sai kuma ta ɗaga wani naɗin waya mai tsawon kusan mita 300, wato nisan da saƙon ke yi a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ta ce masu rubuta manhaja su riƙa tuna abin da suke zubarwa idan suka yi sakaci.

Ta yi ritayar ƙarshe ranar 14 ga Agustan 1986, a wani biki da aka yi a kan tsohon jirgin yaƙin nan USS Constitution a birnin Boston. Tana da shekara 79, kuma ita ce hafsa mafi tsufa da ke bakin aiki a rundunar a lokacin. Ba ta zauna a gida ba, ta kama aikin ba da shawara a kamfanin kwamfuta na Digital Equipment.

Rasuwarta da abin da ta bari

Grace Hopper ta rasu ranar 1 ga Janairun 1992 a Arlington da ke jihar Virginia, tana da shekara 85. An binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Ta samu karramawa tun tana raye. A 1969 wata ƙungiyar masu sarrafa bayanai ta ba ta kyautar da sunanta ke nufin gwarzon namijin shekara a kimiyyar kwamfuta. A 1991 ta karɓi lambar fasaha ta ƙasa. Bayan rasuwarta aka sa wa wani jirgin yaƙi suna USS Hopper, aka fara taron shekara-shekara na mata masu aikin kwamfuta da sunanta a 1994, Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2016, sannan Jami'ar Yale ta sa wa ɗaya daga cikin kwalejojinta sunanta a 2017. Kamfanin Nvidia ma ya sa sunan Hopper a wani rukunin na'urorinsa da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su.

Da aka tambaye ta abin da ta fi alfahari da shi, ta nuna cewa bayan manhajar tafinta, babu abin da ya kai horar da matasa. Takan ƙarfafa musu gwiwa su gwada abin da suka zo da shi, ta tsaya musu idan sun yi kuskure, ta kuma riƙa bibiyar su bayan shekaru don kada su daina gwadawa.

A Agustan 2024 hukumar tsaron bayanan sirri ta Amurka, NSA, ta saki bidiyon wata lacca da Grace ta yi wa ma'aikatanta a 1982, bayan an sha wahalar samo na'urar da za ta iya karanta tsohon faifan. A ciki an ga tsohuwa 'yar shekara 75 cikin kakin sojin ruwa, tana magana kan darajar bayanai da kare su, da kuma buƙatar a ba matasa dama. Bidiyon yana kan YouTube, kuma duk mai waya a hannu zai iya kallon sa.